Tumbin Malam da Sauran Masu Kawo Ɗinki

Keken ɗinkina Butterfly ne, na ƙafa, baƙin nan mai zanen ruwan zinariya, yana cikin kayan da aka kai ni ɗaki da su. Don atamfa da kayan yara aka saya mini shi. Amma tun ranar da mazan gidan nan suka ga na ɗinka wa mijina Malam 'yar shara ta shan iska, suka naɗa ni telarsu, ba tare da an nemi shawarata ba.

Malam ɗin shi ne sarkinsu, mai haɗiye ciki. Da ya ga na ɗauko tef sai ya miƙe ƙyam kamar kurtun soja, ya ja numfashi ya riƙe, tumbin nan ya ɓace kamar an rataya masa layar zana. In ce, "Malam, saki jikinka mana." Ya amsa da shaƙaƙƙiyar murya, "A sake nake." A wurinsa ƙugunsa inci 34 ne tun awon kayan angonci, duk tuwon da ya ci daga ranar zuwa yau bai shiga lissafi ba. Sau ɗaya na biye masa. Rigar ta zo ƙirji ta cije, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ga hannuwa a sama kamar wanda 'yan sintiri suka tare. Daga cikin rigar nake jin ana yanke hukunci: yadin ne ya tsuke da wanki, alhali ko ruwa bai taɓa gani ba, 'yan Kantin Kwari sun fara rage awo, tef ɗina ma abin a bincika ne. Yanzu na daina musu. In auna, in ce "34 cif," in rubuta 40 a bayan kalanda, in zura wa wandon zariya, ita da ba ta tona asirin kowa. Ya sa, ya shafa cikinsa, ya ce, "Kin gani ko? Ina nan yadda kika same ni."

Surukina ba na auna shi, kunya ta hana. Tsohuwar taguwarsa yake aikowa, a yi masa irinta sak, har da karkacewar wuyan. Yayana kuwa mai aljihu ne: na waya biyu, na goro, na carbi, na makullin babur, da wani ɓoyayye ta ciki wanda matarsa ba za ta gano ba. Ɗana hoton ɗan fim yake nuna mini a waya, yana so rigar ta zo masa har da kafaɗun. Akwai kuma mai tsayawa a kaina, wanda bai taɓa zura zare a allura ba, yana cewa layin nan ya karkace.

Duk waɗannan na yafe musu. Ƙanin mijina ne ban yafe wa ba. Shaddarsa ta Getzner wurin telan cikin gari take zuwa, ya biya kuɗin zamba cikin aminci har da na aiki, ya yi zarya mako uku bai ɗaga murya ba. Ni kuwa ragowar yadi uku yake jefo mini a kan tabarma bayan isha'i, mutumin da huɗu ke yi masa kaɗan. "Anti, riga da wando, da safe nake so." Zare nawa, maɓalli nawa, bayana da ke ciwo nawa. In na yi zancen kuɗi sai ya yi dariya, "Haba Anti, ai na gida ne." Ranar da wani abokinsa ya yaba rigar a zaure, da kunnena na ji ya ce ai telansa ne ya ɗinka. Ko sunana bai iya faɗa ba. Har yau in na tuna sai na ji ƙafata tana taka keken da ƙarfin da ya wuce kima.

Wai teloli maƙaryata ne, haka na riƙa cewa kafin in zauna a kan kujerar. Akwai wani yadin Malam, ruwan toka, da ya ba ni kafin azumin bara. Na ɗan gutsuri gefensa na yi wa autana wando, sai na ƙara gutsura don a samu riga ta dace. Jiya Malam ya tambaye ni ina aka kwana. Na ce masa saura maɓalli, gobe in sha Allah.