Digirin Jera Bulo

Jiya a Sharaɗa na tsaya kallon wani ɗan dako yana jera kwalaye a bayan tirela. Ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Na ce, "Malam, a ina ka yi wannan karatu?" Ya ce, "Gem ɗin bulo, Alhaji."

Wanda bai san gem ɗin nan ba yaro ne. 'Yar na'ura ce mai batir biyu, an rubuta mata wasa 9999 a goshi. Ka danna har babban yatsa ya yi kanta, wasannin ba su wuce ƙirgen yatsu ba, riga kawai suke sauyawa. Ubansu Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Bawan Allah bai san yana horar da ma'aikatan Kano kyauta ba.

Mu 'yan gata Super Mario muka buga a talabijin ɗin falo. In kaset ya ƙi, sai a hura masa iska kamar ana tofi. Da damina ka bi hanyar Challawa, za ka ga ɗaliban Mario a kan babur: tsallake rami, kauce wa tirela. Sai dai nan rai ɗaya ake ba mutum.

Yaran yanzu suna ta Candy Crush a waya, jikan Tetris da ya sha alewa. Wasu har alfahari suke wai sun kashe babban dodo. Mu namu dodon ba ya mutuwa. Kana dab da ceto gimbiyar Mario sai ya ɗauke wuta. Hatta masana'antun Bompai sun kara da shi. Sun sayi janareta, amma har yau suna matakin farko.