Bazazzagi ya taɓo murjanin wuta

Malam Zage-zagi, bawan Kanawa, sannu da hanya, sannu kuma da susa. Labarinka ya riga jirginku sauka. An ce ka gama Umra lafiya lau, sai rawar kai ta ja ka bakin teku a Jidda, ka tuɓe riga ka faɗa Bahar Maliya. Kai da iyakar ruwan da ka sani Kubanni, shi ma da rani, lokacin da akuya ke tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba!

Tun da ka dawo, duk wanda ya tambayi abin da ya sami hannunka sai ka gyara zaman tabarau ka ce, "Millepora ce." Har da jan ƙarshen kalmar, kai ka ce sarauta aka naɗa maka. An ce uwargida ta ɗauka sunan wata Balarabiya ce, saura ƙiris a tara waliyyai.

To, tunda ku 'yan Zariya gani kuke ku kuka yanke wa boko cibiya, zauna Bakano ya karantar da kai. Kyauta kuma, abin da ba mu saba ba.

Sunan nan da kake tinƙaho da shi, Karl Liniyas mutumin Suwidin ne ya raɗa shi tun 1758, saboda ƙananan ramukan da suka cika jikin abin. Masu ninƙaya kuwa ba sa wahalar da harshe, murjanin wuta suke ce masa, kuma hannunka shaida ne. Ka gan shi ruwan ɗorawa-ɗorawa, bakin rassansa fari tas, yana tsaye shiru, ka ce ai dutse ne. Gaskiyarka ta wani ɓangare, don ƙashinsa irin sinadarin ɓawon ƙwai ne. Sai dai ramukan nan duk da masu gida a ciki. Akwai rami mai ɗan faɗi, nan mai baki yake zaune, shi ke cin abinci. Kewaye da shi akwai wasu ƙanana, biyar zuwa tara, su ne dogarai. Daga cikinsu wasu siraran gasu ke leƙowa, kowane ɗauke da ƙwayoyin dafi masu harbi da zarar an shafe su. Ƙananan halittun ruwa suke farauta, Allah ya kawo musu Bazazzagi sukutum.

Ka san me ya sa yake zaune a ruwa marar zurfi? Akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi da ke rayuwa a cikin namansa, yana haɗa masa abinci da hasken rana. Dole ya tsaya inda rana ke kaiwa, wato daidai inda matsoraci irinka ke iya taka ƙasa.

Ga wadda za ta fi yi maka ciwo: ba murjani ba ne na asali. Masana sun ware shi, sun kai shi dangin wasu halittu masu laushin jiki da ke yawo a teku suna harbin mutane. Rigar murjani kawai ya ara. Shi ya sa ban yi mamakin haɗuwarku ba, don kai ma "Farfesa" ake ce maka a Tudun Wada, ba wanda ya taɓa ganin takardar.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne maganin da ka yi. Ka fito da gudu kana salati, ka kwarara ruwan gora, ka dirje da tawul, ka kawo man zafi ka lafta. Haba Malam! Ruwan daɗi tayar da sauran ƙwayoyin dafin yake yi, su ƙara harbi, dirza kuma ta baza su. Da ruwan tekun ake wankewa, a zuba ruwan kal, a bar wurin ya huta, in kumburin ya yi yawa ko numfashi ya sauya a nemi likita. Kai kuwa ka kwana kana birgima kamar wanda aka zuba wa karara a wando.

Allah ya ƙara sauƙi dai, raina ya ɓaci da na ji. Na minti ɗaya.

Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, ta Sawakin da ke Sudan suka tsallaka wannan tekun. Sun ga gidajen da aka gina da duwatsun murjani a can da kuma tsohuwar Jidda, sun kalla sun wuce abinsu. Sai kai, ɗan boko, ka ce sai ka ɓallo reshe ka kawo tsaraba. Ko da ka ɓallo, yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta hana fatauci da su sai da takardar izini. Kada ka tambaye ni yadda aka yi na sani. Bakano ne ni, farashi na fara bincikawa.

Saura maganar dabinona da zamzam. Na ji kana cewa ciwon hannu ya hana ka ɗauko kaya. Hannu ɗaya aka harba, bawana. Ina ɗayan?