Daga Kan Tabarma Zuwa Kwarin Kaladan: Nasiha Ga Sabon Hafsan Kwamfuta

Ɗan'uwa, tunda ka ƙudurta sai ka zama janar alhali ko faretin 'yan firamare ba ka taɓa ja ba, matso nan mu yi magana kafin ka ƙarar da 'ya'yan mutane.

Wasan da nake so in ɗora ka a kai sunansa winSPWW2. Jika ne ga Steel Panthers, wanda kamfanin SSI na Amurka ya fitar a 1995, aikin Gary Grigsby da Keith Brors. Wasu masoya wasan da ke kiran kansu Camo Workshop ne suka ɗauki tsohon injinsa, suka yi ta yi masa kwaskwarima shekara da shekaru, har ya zama wasan da ya kwaso yaƙe-yaƙe tun daga 1930 zuwa 1946. Kyauta ake sauke shi, kuma tsohuwar kwamfutar nan taka mai huci kamar injin markaɗe za ta ɗauke shi ba gardama. Kada hotonsa ya sa ka raina shi. Tuwon jiya ne, amma ɗumamensa ya fi sabon tuwon wasu daɗi.

Da ka buɗe za ka ga fili daga sama, an yanka shi gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, faɗin kowane gida mita 50. Ka motsa naka, in ka gama abokin gaba ya motsa nasa, tamkar dara. Sai dai a nan kamanceceniyar ta tsaya. Tsakuwar dara ba ta jin tsoro, inda ka ajiye ta nan za ta zauna. Sojojin wasan nan kuwa an yi su da zuciya. Harsashi ko bai sami kowa ba, in dai ya wuce ta kan mutanenka, firgici zai hau su, kuma wasan na ƙirga shi. In ya yi yawa sai su kwanta su manne da ƙasa, ka danna ka danna su ƙi tashi. In ya ƙaru su fara ja da baya. In ya kai maƙura su arce, kana kallo ba ka da ta cewa. To kada ka daki kwamfuta, kada ka zagi kofur. Akwai harafin R, wanda ke sa shugabansu ya tattaro hankalinsu. Wani lokaci ya yi nasara, wani lokaci shi ma muryarsa na rawa. Shi ya sa ba ka raba sashe da hafsansa da nisa, domin saje da ke can bayan tudu uku ba ya rarrashin kowa.

Sabon shiga duk cuta ɗaya ke kashe shi, wato gaggawa. Ya ga tutocin nasara can a tsakiyar taswira, sai ya kwashi kamfani guda ya sa su gudu a fili fetal, kamar masu rige-rigen sahun gaba ranar Idi. Bai san cewa a wasan nan abokin gaba na harbi ko a cikin zagayenka ba ne: da ka motsa a gaban idonsa, in yana da sauran harbi, zai sakar maka. Wani ƙanena ya taɓa yin haka ina zaune kusa da shi. Bindiga mai jigida guda ɗaya, ɓoye a gefen wata gona, ta kwantar masa da sassa huɗu cikin zagaye biyu, kuma har aka gama bai ga daga ina wutar ke fitowa ba. Ya juyo yana cewa, "Yaya, wallahi kwamfutar nan cuta take yi." Na ce masa ba ta cuce ka ba, kai ne ka aika baƙi gidan da ba ka yi sallama ba.

Sallamar ita ce 'yan leƙen asiri. Tura su gaba, gida ɗaya ko biyu a zagaye, ta cikin itatuwa da kwazazzabai. Mai tafiya a hankali ya fi gani kuma ya fi wuyar ganuwa, mai gudu kuwa ba ya gani, ba ya saiti, kowa kuma na ganinsa. In wani sashe zai tsallaka fili, wani ya tsaya a bayansa da bindiga a ɗane. In kuma filin ya yi faɗi, yi hayaƙi. Ban san abin da ya fi hayaƙi arha da albarka a wasan nan ba. Gurnetin hayaƙi ɗaya a gidan da ya dace ya fi tanka biyu a gidan da bai dace ba.

Tunda an ambaci tanka: na san ranka na kanta. Kowa ma haka ya fara. Amma tankar yaƙi in ta rufe ƙofofinta kusan makauniya ce, kuma in ka cusa ta cikin gari ko kurmi ba tare da sojan ƙasa a gefenta ba, wani ɗan kurtu da ke laɓe a gidan da ke kusa zai taso mata da abin da ke hannunsa, ka ji ƙara, ka ga baƙin hayaƙi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Igwa ita ma tana da nata halin. Ba a kiranta ta amsa nan take, sai bayan jinkiri, don haka ka auna inda maƙiyi zai kasance, ba inda yake yanzu ba. Kuma ka tuna inda ka auna ɗin. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba ya tambayar wane ne a wurin.

Maganar gida kuwa gajeriya ce. Akwai wata kalma da 'yan wasan nan duka suka iya, "saura zagaye ɗaya". Kada ka faɗa wa uwargida ita in ta kawo tuwo, don ta fi ka sanin ƙarya ce. Ci abincinka da zafinsa, Jamusawa ba za su motsa ba sai ka dawo. Ka riƙa adana wasanka kowane zagaye, saboda ɗauke wuta ba ya jiran a gama kai hari.

Yanzu ga abin da ya sa na zaunar da kai.

In ka daɗe kana wasa za ka lura fagagen da aka fi bugawa su ne Normandi, Kursk, Stalingrad da hamadar Arewacin Afirka. Duk suna da daɗi. Amma mu ma muna da namu a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wanda ya tashi a unguwar da ke da tsohon soja ya ji ana cewa wane ya je Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma an kafa ta a Nijeriya a 1943, ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, da sojoji daga Nijeriya, Gwalkwas (Gana ta yau), Saliyo da Gambiya. A farkon 1944 tana cikin kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na Bama tana fafatawa da Japanawa. Birged ta 3, ta 'yan Nijeriya, an cire ta daga rundunar aka haɗa da dakarun Chindit na Orde Wingate, waɗanda aka jefa bayan layin maƙiya. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma a ƙarshen Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu aka karɓe Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Hausa ce harshen bariki a rejimantin Nijeriya a wancan zamani, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Sunayen ma suna nan a bangon barikokinmu: Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya, ga kuma Burma Camp a Akara. Mutum na wucewa ta gabansu kullum a kan acaɓa bai san sunaye ne daga yaƙin da kakanni suka yi ba.

To, wasan nan ya zo da kayan gyaransa a ciki. Akwai wurin zana taswira, akwai wurin shirya fagen yaƙi, akwai kuma wata manhaja mai suna MobHack wadda ke buɗe maka kundin sojojin kowace ƙasa: mutum nawa ne a sashe, wane makami suke riƙe da shi, nisan harbinsa, gudun tafiyarsu, daga wace shekara zuwa wace ake samunsu. Da waɗannan za ka iya kai kakanninka Kaladan da hannunka.

Kafin ka taɓa komai, kwafi jakar wasan gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri dabam. Na ce gaba ɗaya. Sa'an nan ka sake kwafa a filas, ka ba wa wanda ba ya ba da aro. Garin neman gira ake rasa ido, kuma babu baƙin cikin da ya kai ka canza lamba ɗaya da tsakar dare, gari ya waye ka tarar sojan ƙasa na ɗauke da hoton jirgin ruwa, kai kuma ba ka tuna me ka taɓa ba. Kada ka goge sashen da ka tarar. Kwafe shi zuwa gurbin da babu kowa, ka yi aikinka a can. Canza abu ɗaya, shiga wasa ka gwada, fito, sa'an nan ka canza na biyu. Ajiye ɗan littafi kusa kana rubuta abin da ka yi, irin na mai kanti da masu cin bashi.

Daga nan shaiɗan zai zo maka, kuma da rigar kishin kakanni zai zo. Zai ce, ai namu ne, ƙara musu ƙarfin bindiga mana, sa ƙwarewarsu ta kai ƙololuwa, ba su tanka goma. Kada ka saurare shi. Wani abokina ya bi wannan shawara, ya hura wa bindigar Bren ƙarfi har tana huda sulken tanka daga ƙarshen taswira. Ya ci yaƙin cikin zagaye huɗu, ya zauna shiru, sannan ya ce shi bai ji daɗin komai ba. Ina zai ji? Ya kori mutanen da ya je nema ya kawo aljanu a madadinsu.

Ba su abin da suka riƙe da gaske. Bindigar Lee-Enfield a hannun kowa, Bren ɗaya a sashe na mutum kamar goma, gurneti, adda don sarar hanya, da 'yan ƙananan igwoyin nan masu cilla bam sama, ta inci 2 da ta inci 3. Babban abin da ya bambanta Runduna ta 81 da sauran shi ne ba da manyan motoci ta shiga dajin ba. Da ka aka ɗauki kayanta. Akwai ƙungiyoyin 'yan dako na soja waɗanda suka ɗauki harsasai, abinci da sassan igwa a kansu, suna hawa tuddai suna gangarawa, abinci kuma jiragen Dakota ke jefo shi daga sama. Saboda haka in za ka shirya fagen, manta da lori. Yi sashen 'yan dako mai tafiyar ƙafa, mai ƙarancin makami, ka sa su ne ke kawo albarusai. Za ka ga yadda wasan ya sauya fuska nan da nan. Ba za ka ƙara ɓarnar harsashi a kan inuwa ba, kuma za ka ware sashe guda don gadin mutanen da da can ko kallonsu ba za ka yi ba. Ni a wurin nan ne wasan ya fi taɓa ni, domin a litattafan yaƙi da yawa ɗan dako layi ɗaya yake samu, a nan kuwa in aka tare shi yaƙinka ya ƙare.

Taswira ma ka yi mata adalci. Kaladan ba filin Daura ba ne. Tuddai ne masu tsayi da kurmin gora mai duhu, da rafuka da suka yayyanka ƙasar, sai fadamun shinkafa a ƙasan kwari. Cika taswirar da kurmi, bar siririyar hanya ɗaya ko biyu, sa rafi ya gitta inda ba a so. Su kuma Japanawa kada ka mai da su shashashai don ka ji daɗi. Sun ƙware wajen haƙa ramuka su rufa da gungume da ƙasa, kowane rami na kare ɗan'uwansa, kuma ba su cika miƙa wuya ba. Ba su bindigarsu mai jigida samfurin 92, da 'yar igwar hannu samfurin 89 mai milimita 50, ka ɓoye su a kan tudun da ke kallon mashigar rafi. In ka gama, buga fagen sau biyu, sau ɗaya kana namu, sau ɗaya kana nasu. In ɓangare ɗaya ne ke ci kullum ba wahala, koma ka gyara.

In kuma za ka kara da aboki ta imel, wanda wasan ya yarda da shi, tabbatar kundin sojojinka da nasa iri ɗaya ne sak. In ba haka ba, kai kana ganin Bren shi yana ganin wani abu dabam, kuma zumuncin shekara ashirin zai iya tsinkewa a kan gida ɗaya mai kusurwa shida.

Aiki na ƙarshe shi ne suna. A wurin shirya fage kana iya sauya sunan kowane sashe da na shugabansa. Goge sunayen Ingilishin da ke kan kofurori da sajoji, ka sa Audu, ka sa Garba, ka sa Tanko, ka haɗa kowane da sunan gari kamar yadda aka saba rubuta soja a rajista a lokacin. Ƙanen nan nawa mai gudu a fili, da ya zo wannan gaɓa sai ya tashi ya je cikin gida ya tambayi Hajiya sunan wan mahaifinta da ya je Bama, ya dawo ya rubuta shi a kan sajen sashe na biyu. A daren nan na ga yaro yana tafiyar da mutum goma gida ɗaya-ɗaya ta cikin gora, ya yi hayaƙi kafin bakin rafi, ya jira 'yan dako suka iso. Da aka buɗe musu wuta daga kan tudu suka kwanta, sai na ji yana danna R a hankali yana cewa, "Haba Baba, tashi mana, saura kaɗan mu haye."