Yadda Ake Zama Gwanin Haska Abin da Ba a Gani

Idan ka ƙudiri niyyar shiga sahun masu tara tocila, mutanen nan da suke da guda talatin a ɗaki amma in an ɗauke wuta wayarsu suke kunnawa, to fara da gyara bakinka. Kada a kuskura a ji ka ce "kai, wannan akwai haske". Maganar yara ce. Manya tambayarsu guda ce: mita nawa take jifa?

Daga nan sai ka yi hannun riga da lumen, lambar da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Lumen jimillar hasken da ke fita ne, ko ina ya nufa. Abin da za ka riƙa ambata shi ne kandela, wato ƙarfin hasken a tsakiyar tsakiya, inda ya fi taruwa. Wanda ya watsa wa kaji mudun dawa ya fitar da abu mai yawa, amma bai wuce tsakar gida ba. Yaron da ya sa tsakuwa ɗaya a danƙo shi ke samun tsuntsu a kan rimi. In wani ya ja da kai, ga abin da za ka jefa masa. Imalent MS18 tana da ƙwayoyin LED 18, har da fanka a cikinta saboda zafi, kamfaninta ya ce lumen 100,000 take bayarwa, amma nisanta mita 1,350 ne. Acebeam W30 kuwa, mai lumen 500 kacal, an rubuta mata mita 2,408. Faɗi haka a majalisa, ka kurɓi shayinka, ka yi shiru. Ba sai ka gaya musu cewa W30 ɗin ba LED ba ce, leza ce mai shuɗin haske da ake harbawa a kan sinadarin fosfo ya fito fari. Wanda ya gano da kansa, ka ce dama gwada shi kake yi.

To ina aka samo waɗannan mitoci? Nan ne daɗin yake. A 2009 aka fitar da ma'aunin ANSI FL1 a Amurka, wanda manyan kamfanonin tocila suke bi. Ma'aunin ya ce nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na luks, kwatankwacin hasken wata daren sha huɗu idan gari ya washe. Babu wanda ke ɗaukar igiyar awo ya taka kilomita biyu cikin dare. A kusa ake auna kandela, saura duk lissafi ne: kandela 10,000 mita 200, kandela 250,000 mita 1,000, kandela miliyan ɗaya mita 2,000. Ka lura da kyau, don wannan lissafin ne zai riƙa cin albashinka. In kana son ninka nisa sau biyu, sai ka ninka kandela sau huɗu.

Sai dai lissafin ya tsaya a tafiya, bai ce komai kan dawowa ba. Hasken da ya isa can sai ya bugi abu ya komo cikin idonka, alhali idon ya riga ya tsuke saboda hasken da ke gabanka. A ganina, duk abin da kwali ya ce, raba shi biyu, in kana da tsoron Allah ma raba uku, shi ne inda za ka iya bambanta jaki da tsibin yashi. Maganin wannan mai sauƙi ne: sayi madubin hangen nesa. Yanzu hannu ɗaya na riƙe da tocila, ɗaya da madubi, kana kallon tankin ruwan wani ƙauye da ba ka da kowa a cikinsa. Ka fara zama gwani.

Wajen zaɓe, nemi ƙaramin ƙwai da babban kai. Ƙwan da ke jifa da nisa shi ne ɗan mitsitsi mai tsananin ƙyalli, irin Osram ɗin da ake kira W1, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya ba, ko Luminus SFT40. Madubin da ke kewaye da shi kuma ya zama mai faɗi, mai zurfi, sumul. Wanda aka yi wa gurji-gurji yana gyara kyan haske amma yana rage nisa, bar wa masu aikin gona. Da ka bi wannan hanya har ƙarshenta za ka tarar da Lumintop BLF GT, mai cin batir takwas, wadda sai da igiyar ratayawa ake yawo da ita. Aljihu dai ka manta da shi. Ba za ta taimake ka neman takalmi a ƙarƙashin gado ba, domin ɗigon haske ɗaya za ta yi maka mai kashe ido, ko'ina kuma duhu.

Batir ma sai ka yi hattara. Sunan 18650 awonsa ne, kauri milimita 18, tsawo 65, kuma cajin da na ƙwarai ke ɗauka yawanci ba ya wuce wajen mAh 3,500. Wanda ka ga an rubuta wa 9,900, mai buga takardar ne kawai ya yi ƙoƙari.

Ranar nuna wa baƙi, ka tuna cewa lambobin kwali jim kaɗan bayan kunnawa ake ɗaukarsu, daga daƙiƙa 30 zuwa minti biyu. Bayan nan kan tocila ya ɗauki zafi, ita da kanta za ta rage ƙarfi don kada ta ƙone. Saboda haka kunna, bari su ce "tirƙashi", ka kashe, ka ce kana tattalin caji. Awannin da aka ce tana yi kuwa, har sai haske ya koma kashi goma cikin ɗari ake ƙirgawa.

Kada ka yi gwaji cikin hunturu. Ƙura da hazo za su maido maka da haskenka a fuska, ka ga sandar haske kyakkyawa a sama, ƙarshenta babu komai. Fari mai ratsin shuɗi ya fi shan wannan wahala, mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi ratsawa. Jira daren da aka yi ruwa iska ta wanku. In kana son hujja, kafa na'urar awon luks a mita goma, abin da ta nuna ka ninka sau ɗari. In ta ce 2,500, kana da kandela kusan 250,000. In ta ce 300 alhali kwali ya yi alkawarin kilomita biyar, ɓoye na'urar.

Kafin ka fita, sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, domin mutumin da ke tsaye a bayan gari ƙarfe biyun dare yana leƙa rufin jama'a da haske, bayaninsa ba ya karɓuwa da wuri. Wannan kuma ba raha ba ce: kada ka haska jirgin sama, kada ka haska direba a kan hanya, kada ka ba yaro mai leza ya yi wasa da ita.