Sifirin Ya Tsallake Katanga

Peugeot 504 ɗin da na gada wurin Baba harhaɗar Kaduna ce. A kamfanin da ya fara aiki a 1975 aka haɗa ta, kuma tun ranar da ta fito ba wanda ya taɓa duba ƙafarta ta gaba. Duk ramin da muka faɗa sai kaina ya gaisa da rufi. Na yanke shawarar a sabunta komai: shokoba, bushin, da sifirin irin wanda ke ƙara tauri gwargwadon nauyi.

Da na kai wa bakanikena kayan, ya ɗaga sifirin ya juya shi, ya dube ni da tausayi.

"Alhaji, an cuce ka. Wannan ai tirela ta taka shi. Dubi nan a matse, nan a buɗe."

Na ce, "Oga, haka aka ƙera shi." Na yi masa bayani kamar yadda mai kaya ya yi mini: zagayen da ke matse su ke fara lanƙwasawa, su shanye ƙananan gargada cikin laushi. In rami ya yi zurfi sai su haɗe da juna, ragowar masu faɗin su karɓi aikin da ƙarfi, mota ba za ta buga ƙasa ba. Na asali kuwa tazarar zagayensa ɗaya ce daga sama har ƙasa, taurinsa ba ya canzawa. Oga ya ce, "To, Allah ya sa."

A 504 sifirin gaba kewaye yake da shokoba, sai an matse shi kafin a ɗaure notin sama. Akwai ƙarfen da aka yi domin wannan aiki. Na Oga yana wurin wanda ya ara tun kafin azumi. Sai aka kawo jak, da waya, da yara biyu. Ni na koma bayan wata bas, wai ina amsa kiran waya.

Wayar ɗaurin ta ce tas! Sifirin ya tashi kamar zabo, ya tsallake katanga, muka ji salati. Cikin ƙullun mai waina ya sauka.

Ni aka tura bikon, tunda kayana ne. "Iya, a yi haƙuri." Ta ce haƙuri kyauta ne, amma ƙullu na shinkafa ne, kuma ba ta ba da ƙarfe sai an biya. Na biya. Kafin la'asar aron ƙarfen matsewa ya dawo, abin mamaki.

Aka ɗaura, aka sauke mota, sai ga hancinta a sama tana kallon gajimare. Ashe yaran sun ɗaure bushin tun tayoyi na reto a iska, alhali sai nauyin mota ya zauna ake ƙarasa ɗaurewa. Gefen hagu kuma yana ƙwas-ƙwas a kowace kwana, domin bakin sifirin bai shiga gurbinsa ba. Aka sake kwancewa, aka gyara, aka je wurin mai saita taya.

Yanzu motar lafiya lau, ramukan unguwa ma sai dai na gan su. Oga kuwa duk mai 504 da ya shigo sai ya ja shi gefe, ya ce akwai wani sabon sifirin da shi ya fara kawo shi garin nan.