Silifa Ma Birki Ne

Mai babur a garin nan zai kashe kuɗi a kan komai, ban da abin da zai tsayar da babur ɗin. Dubi Boxer ɗinsa: hon irin na tirela, fitilu ja da kore suna walƙiya, kujera an lulluɓe da leda, a baya an rubuta "Mahassada sai kallo". Amma matsa birkin gaba ka gani. Hannun zai tafi har ƙarshe, taya kuwa ko a jikinta.

In ka yi magana, fatawarsa a shirye take: birkin gaba kayar da mutum yake. Daga wanda ya koya masa tuƙi a filin makaranta ya gaje ta, shi ma can gado ya yi. Alhali idan ana tsayawa nauyin babur da na mai shi gaba suke komawa, don haka tayar gaba ce ke ɗauke da mafi yawan aikin. Abin da ke kayarwa shi ne cafke birki lokaci guda a kan yashi ko cikin kwana. Koyon matsawa a hankali wahala ne, sai a sassauta waya a bar wa silifa aikin. Ƙafa biyu a ƙasa, ƙura na tashi, baki na salati.

Ranar da ƙara ta ishe shi, ƙiii kamar ana wasa wuƙa, sai ya nufi bakanike. Ba wai don birki ba ya kamawa ba, a'a, don 'yan majalisa sun fara gane zuwansa tun daga nesa.

"Oga, ɗan ɗiga masa baƙin mai ya yi shiru."

Mai a kan fatar birki! Shirun zai yi kuwa, haka ma kamun. Bakanike ya kwance, ya ɗaga fatar sama kowa ya gani: ta cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. In mai faifai ne, faifan ya fara zane, kuma kuɗinsa ya ninka na fata nesa ba kusa ba.

"Maigida, sai an canza."

"Haba Oga, ai da saura. Juya ta mana."

Nan 'yan benci za su shigo, waɗanda ko keke ba su da shi. Wannan ya ce a kankare ta da siminti, wancan ya ce shi yayansa shekara da shekaru ba birkin gaba kuma lafiyarsa ƙalau, illa ɗan ɗingishi da ya samo bayan kwanciya a asibitin ƙashi na Dala.

Daga ƙarshe a sayo sabuwa, mafi araha a shagon, bayan cinikin da ya fi na rago tsawo. A goge ƙura, in mai faifai ne a tura fistin baya, a zaunar da fata biyu, a ɗaure. Bakanike ya ce ya matsa hannun birkin sau da yawa har ya yi tauri kafin ya hau titi, ya kuma bi a hankali har fatar ta zauna. Mutuminku bai ji ba, yana can yana taya sabon madubi mai tauraro.

Har ya tayar, sai ya juyo.

"Oga, ba ni tsofaffin a leda. Ƙanena ma nasa ya fara ƙara."