Bakano Zai Je Santambul

Alhaji Bakano, bawan Zagezagi, labari ya iso mu nan Zariya cewa za ka Santambul saro kaya a unguwar Laleli, har ka fara haddar Turkanci a bayan kanta. Ajiye littafin, ubangidanka zai koya maka kyauta, tunda na san ko sisi ba za ka biya malami ba.

Jam'i a wurin Turkawa ƙari ne a ƙarshen kalma, -ler ko -lar, gwargwadon wasalin da ya gabata: ev gida, evler gidaje, kitap littafi, kitaplar littattafai. Amma da zarar adadi ya shigo, jam'i ya tafi hutu. İki kitap ake cewa, beş ev, kamar yadda muke cewa shekara uku ko doki biyu, illa su adadin ne a gaba. Suna ma da nasu "guda", wato tane: üç tane gömlek, riga guda uku. Wannan tsimin haruffa na san zai yi maka daɗi, kai da ko gaisuwa sai ka rage mata tsawo. Sai a sunan taron da ya shahara ake barin jam'i bayan adadi, irin Kırk Haramiler, ɓarayin nan arba'in na Ali Baba. Ban ce komai ba, misali kawai na kawo.

Kada ka fara yi mini gorin "mace ya zo" na Hausarmu ta Zazzau. Turkawa da kalma ɗaya, o, suke nufin shi da ita. Ashe mu muka riga ku wayewa.

Inda za ka yi fice kuwa shi ne babin rashi. Var akwai, yok babu. Ba su da aikatau na mallaka, sai dai a ce param yok, "kuɗina babu". Maras abu kuma ƙari ne mai kama huɗu, -sız, -siz, -suz, -süz: şekersiz çay shayi ba sukari, irin wanda kake ba baƙi, tuzsuz ba gishiri. Parasız na nufin maras kuɗi, yana kuma nufin kyauta, don haka na san a bakin allon da aka rubuta shi za a tsince ka.

In ka dawo ina nan tafe karɓar kuɗin sharata da tsarabar riga, üç tane. Ka ce mini yok, in kai ƙararka Fadar Zazzau.